Birnin Ƙoshi Mai Ƙofa Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Gizo dai kun san shi: ba ya noma, ba ya kiwo, amma bakinsa bai taɓa yin fari ba. A 'yan shekarun nan ya bar daji ya tare a cikin garin Tawa, ya samu lungu a rufin wani aji na Jami'ar Djibo Hamani ya kafa saƙarsa. Matarsa Ƙoƙi ta bi shi don ba yadda za ta yi. Ita tana kamun ƙuda, shi yana rataye yana shan karatu kyauta.

Wata safiya malamin adabi ya shigo da darasin biranen mafarki, wato garuruwan da marubuta suka gina da alƙalami don nuna yadda ya kamata a zauna duniya. Ya fara da Alfarabi, wanda ya rasu a 950, da birninsa na nagarta inda jama'a suke gaɓoɓin jiki ɗaya, shugaba shi ne zuciya. Ya gangaro kan Thomas More na Ingila da littafinsa Utopia na 1516: tsibiri mai birane 54, ba mai cewa gidan nan nawa ne, ƙofofi ba kuba, maigida ya je rumbun gari ya ɗebi abin da iyalinsa ke bukata ba da ko dala ba, zinariya kuwa tukunyar fitsari ake ƙerawa da ita, aiki awa shida a yini. Da Gizo ya ji awa shida, saura kaɗan ya faɗo. Daidai nan wuta ta dawo, fanka ta tashi, iska ta yi awon gaba da shi ta taga. Don haka bai ji sauran darasin ba, inda malam ya ce tsibirin nan yana da bayi, da zinariyar ake ɗaure su, kuma ba mai fita daga garinsu sai da takardar izini, wanda aka kama sau biyu ba takarda ya zama bawa.

A bakin titi kuma akwai dogon yaro kusa da fitila, inda ɗalibai ke zama karatun dare. Nan Mujiya take. Ɗalibi da dare, aljihu a bushe, jarrabawa a gaba, ba ya neman littafin kyakkyawan fata. Abin da ta sha ji shi ne na Aldous Huxley na 1932, inda hukuma ke raba wa jama'a ƙwaya don kada kowa ya ji baƙin ciki balle ya yi tambaya, da na George Orwell na 1949, inda akwatin bango ke kallon mai kallonsa, da kuma Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtua ta 1975, wanda ta fi riƙewa don da Hausa ake karanta shi. Da rana barci take yi. Gizo ya kwashi rabin karatu, Mujiya ta kwashi ɗaya rabin, kowannensu yana ganin ya sauke.

Daminar 2021 ta yi gardama. A arewacin Adar, daga Barmu zuwa Afala, ruwa ya ɗauke hatsi bai gama ido ba. Kafin sanyi ya wuce samari sun cika motocin tashar Tawa, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, yadda Adarawa suka gada tafiya bida. In mutum bai samu ba, ina dabba za ta samu? Kara ma sayar da shi ake yi. Sai dabbobi suka kira taro a bakin tafkin Tabalak, kan hanyar Abalak, don can ne ruwa bai ƙafe ba. Zaki bai zo ba, ya daɗe da barin Adar. Kunkuru aka ba shugabanci saboda shekaru.

Ya buɗe taro da lissafin da ya iya. Ya ga yunwar Kakalaba a 1914, ya ga farar 1931, ya ga farin 1973 da ya kwantar da shanun Azawak a bakin rijiyoyi, ya ga yunwar 1984 da mutane suka sa wa suna El Buhari saboda iyakar Najeriya da aka rufe a shekarar, ya ga fara ta sake sauka a 2004 yunwa ta biyo ta. Ya ce kowane karo anza ake jiƙawa, a tsinci ƙarangiya, wanda ke da sauran kwana ya ga damina.

Gizo ya yi tsalle ya hau tozon Raƙumi. Ya ce, "Baba Kunkuyu, Allah ya ƙaya maka yai, amma zamanin anza ya wuce. Yumbu ɗaya za mu yi!" Zan miƙe muku harshensa daga nan, don in na bi tsamin bakinsa sai mu kwana. Ya ce ba ƙarancin ruwa ke kashe su ba, rarrabuwa ce. Kurege yana ɓoye nasa, Tururuwa tana ɓoye nata, da kaka 'yan kasuwa su saye da araha, da bazara su sayar wa mai shi ninki. Ya ce a gina birni guda, rumbu guda, ba nawa ba naka, aiki awa shida, saura hira. Sunansa Birnin Ƙoshi. Kuma ba shi ya ƙirƙira ba, yana cikin littafi.

A nan dole in yi wa Gizo adalci: maganar 'yan kasuwa gaskiya ce, ita ce ma ta sa ƙauyukan Adar suke kafa bankin cimaka. Maƙaryacin da ya ƙware ba ya zuwa hannu wofi.

Raƙumi ya yi gyaran murya ya ce shi ya taɓa ganin birni irin wannan. Ya bi gefen kwaltar da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit wajen 1980 don jigilar yuraniyom, ya ga garin da aka dasa tsakiyar hamada, inda aka fara haƙo ma'adinin a 1971. Akwai fitilu, akwai asibiti, akwai kantin da ake sayar da kayan marmarin Faransa, har ana ce masa Paris ta biyu. Masu neman aiki suka yi ta kwarara, waɗanda ba su samu ba suka kafa bukkoki a bayan katanga. Da farashin yuraniyom ya faɗi, fitilu suka ragu. A watan Maris na 2021 mahaƙar Cominak ta rufe, ta bar tsibin ƙasar da ba a son iska ta kaɗo wa mutane.

"To, Yaya Raƙumi, a yi ko kada a yi?" in ji Akuya.

Ya ce, "Ni dai na sha ruwan famfo a can, kuma na ga masu tari."

Sai Mujiya ta yi kuka daga kan bagaruwa, da rana tsaka, abin da ba ta saba ba. Ta ce rumbu ɗaya yana nufin mabuɗi ɗaya, mabuɗi ɗaya kuwa aljihu ɗaya yake shiga. Ta ce duk wanda ya yi alkawarin share hawaye gaba ɗaya, ƙarshensa hana kuka zai yi. Da ta tsaya nan da ta taimaki jama'a. Amma ta zarce: hamada tana gangarowa, tafkin nan zai cike da yashi, Tawa za ta zama kufai, shuka banza, gini banza, tashi ma banza, kowa ya nemi inuwa ya jira ajalinsa. Dabbobi suka ɗauki ihu, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Mai jin yunwa da aka ba zaɓi tsakanin ƙoshi da kabari ba ya dogon tunani. Aka bi Gizo.

Wata tsohuwar Jaka ce kaɗai ta ɗaga kai, wadda igiyar rijiya ta cinye wa kafaɗa. Ta ce, "Ɗan nan, wa zai ɗauki dutsen ginin?"

"Kowa da kowa, Inna."

"To," in ji ta, ta ci gaba da tsintar kara.

Aka zaɓi wani dabagi arewa da Kalfu, fako ne fetal, ƙasa ja mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta bai shiga ba, shi ya sa ba mai ita. Aka fara gini. Kowa da kowan nan da aka zo aiki sai ya zama jakuna da tururuwa da gara. Gizo yana zana taswira, Dila, malamin daji, yana riƙe da littafin lissafi, Hankaka yana shela. Awa shida ta tabbata ga waɗannan uku.

Da aka gama rumbu aka zo batun mai gadi. Nan Dila ya kawo hujjar da ta rufe bakin kowa: a ba Kura, don kaf dabbobin nan ita ce ba ta cin hatsi. Aka yi tafi. Akuya ta so ta ce wani abu, ta duba ta ga kowa yana murna, ta haɗiye.

Sannan Gizo ya yi abin da ya fi iyawa. Ya saƙa yana ta rufe birnin, zare ɗaya ya shiga kowane rami da kowace sheƙa, bakin zaren duka yana ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce don zumunci ne: wanda ya ƙoshi ya girgiza zarensa 'yan'uwa su taya shi murna. Abin ya yi daɗi da farko. Zabo ya ci tsaba uku ya girgiza, Ƙadangare ya ji ya girgiza don kada a ce shi bai samu ba, Damo da ya kwana da yunwa ya ji gari duk yana rawa, ya ce ashe ni kaɗai ne, kunya ta sa shi ma ya girgiza. Kafin wata ya mutu birnin yana kaɗawa dare da rana, labari ya kai Tamaske da Ibohaman, baƙi suka fara zuwa da 'yan ƙunshinsu, ana karɓa a ƙofa ana zubawa a rumbu. Gaisuwa ma ta sauya. In an ce maka ina yunwa, amsa ita ce babu yunwa, kuma zaren yana jin wanda ya yi jinkirin amsawa.

Da Shamuwa ta dawo daga kudu gabanin damina ta ga wannan rawa, dariya ta yi. Ta ce ta san irinta. A Abijan ta ga yaran Adar suna kwana goma sha a ɗaki, yini suna yawo da kaya a ka, ranar hutu su sa sabuwar shadda su jingina da motar wani a ɗauke su hoto a aika gida. Ƙane ya gani ya sayar da tunkiyar uwarsa ya hau mota, in ya isa shi ma ya nemi motar da zai jingina. Ta ce ba ƙarya suke nufi ba, uwa suke so ta yi barci. Ta gina sheƙarta a wajen katanga, ta ƙi karɓar zare.

Rumbu dai ba ya haihuwa. Abin da aka tara ya fara ƙasa, Gizo ya fara ramewa, sai Allah ya kawo Balbelu. Kun san su, farare tas, ba sa taka ƙasa sai inda shanu suka tayar da ƙwari. Suna sauka da hantsi da takardu a hammata, su tashi kafin la'asar don a Tawa suke kwana. Garken farko ya zagaya, ya ga katanga, ya ji yana tana rawa, ya yi murna ƙwarai, ya ce wannan abin koyi ne, za a ba da kuɗin faɗaɗa shi. Bayan kwana kaɗan wani garke ya sauka, ya tambaya ko akwai masu mutuwa. Hankaka ya ce babu yunwa. Suka naɗe takardunsu suka ce to buhunan da suka kawo na inda ake mutuwa ne, suka tashi da su.

Daren nan Gizo bai runtsa ba. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, lafiya?" Ya ce, "Ƙoƙi, ashe kasuwar biyu ce, ni ina cin ɗaya." Ya lallaɓa ya fita bayan gari, ya sami Mujiya a kan wani busasshen gawo inda aka kore ta.

"Yaya Mujiya, barka da dare. Na zo neman gafara."

"Ka zo neman wani abu dai."

Ya ce zai huda wa birnin ƙofa ta biyu ta arewa, ya ba ta. Duk abin da ta faɗa a Tabalak ta maimaita shi a can, ta ƙara gishiri in ta ga dama. Ladanta ɓerayen rumbu, duka nata.

Ta ce, "Ni fa gaskiya nake faɗa."

"Shi ya sa na zo wurinki. Ki faɗe ta a ƙofar arewa kaɗai, ranar da baƙi suka zo."

Mujiya ta juya kanta baya ta juyo. Tun da take ba a taɓa ba ta wurin zama da masu saurare ba. Ta yarda.

Daga ranar Birnin Ƙoshi ya zama mai ƙofa biyu. A ta kudu aka jera masu ƙiba, Gizo yana nuna taswirar unguwannin da za a gina, da tafkin da za a haƙa, da ranar da Adar za ta ciyar da Kano. A ta arewa aka kwantar da masu haƙarƙari a waje, Mujiya tana jero ƙarshen duniya da murya mai sa tsikar jiki tashi, Balbelu suna rubutawa suna share ido. Kudu ta kawo kuɗin gini, arewa ta kawo buhuna. Hawainiya ta samu aiki a ƙofa biyun, da safe ta yi kore shar a kudu, da azahar ta yi toka-toka a arewa. Wani ɗan rago da aka ajiye a arewa ya yi kuskuren murmurewa, aka yi masa faɗa aka mayar da shi kudu. Garkunan Balbelu biyu kuwa a gida ɗaya suke kwana a Tawa, amma kowanne da takardarsa, ba mai leƙa ta wani.

Matsalar ita ce yawancin 'yan birnin ba su dace da kowace ƙofa ba. Ba su ƙoshi ba, ba su kuma mutu ba. Suna cin sau ɗaya, suna da bashi, suna da ɗa a bida da ke aiko da jaka biyar in ya samu, suna dariya ranar suna. Irin waɗannan ba su da amfani ga mai taswira, ba su da amfani ga mai kukan mutuwa. Aka tura su bayan rumbu, inda baƙo ba ya zuwa, suna fasa dutse. Jaka tana cikinsu.

Ana nan sai awaki suka fara ɓata. Duk wadda ta je rumbu da dare ta ce mudunta bai cika ba, ba a sake ganinta. In an tambaya, Kura ta ce ta tafi bida. Dila kuwa lissafinsa kullum daɗa kyau yake: buhu kaza, baki kaza, a raba, rabon kowane baki ya fi na watan jiya. Bai taɓa rubuta ƙarya ba, bakunan ne ke raguwa. A ƙofar kudu ana karanta lissafin a matsayin ci gaba. A ƙofar arewa Mujiya tana kirga ɓatattun a matsayin waɗanda hamada ta cinye. Ta san ba hamada ba ce, idonta na dare ne, kuma reshen da take zama yana kallon bakin rumbu. Amma hamada ba ta da mabuɗin ɗakin ɓeraye.

Wata rana Bushiya ta tsaya gaban Kunkuru a bayan rumbu ta ce, "Kaka, kai da aka ba shugabanci, ba ka gani?" Ya ce yana gani, amma duk wanda ya je wa da maganar sai ya tambaye shi ɓangaren wa yake. In ya ce ana cin awaki, a ce ya zama ɗan Mujiya mai baƙin baki. In ya ce duk da haka katangar nan ta tare ruwa, ciyawa ta fito a gindinta inda ba a taɓa gani ba, a ce Gizo ya saye shi. Ya ce ya rasa ƙofar da ake shiga da magana biyu a baki ɗaya.

A ƙarshen Yulin 2023 mulki ya sauya a Yamai, aka rufe iyakar Ƙonni, masu ba da agaji da yawa suka dakata. Balbelu suka bi shanu wani wuri, ko sallama babu. Tiyar hatsi ta hau. Sati ya zagayo ba buhu, wani ya zagayo, yana tana ta rawar babu yunwa har zaren ya fara tsinkewa don masu girgizawa ba su da ƙarfi. Ran nan Jaka ta ajiye dutsen da ke bayanta, ta taka har bakin rumbu da rana tsaka, ta juya ta ba ƙofar ƙafa biyu. Kura tana barcin ƙoshi, ta farka ta ga taron ƙaho da kofato, ta tuna tana da 'yan'uwa wajen Abalak.

Abin da aka tarar a ciki: saƙar gizo daga sama har ƙasa, buhuna cike da yashi a jere don idon baƙi, da tsibin ƙahonin awaki a lungu. Hatsin ya daɗe da bin dare zuwa kasuwa, ta hannun Dila.

Mujiya ta sauko kan katanga tana kumbura. "Ban faɗa muku ba? Tun a Tabalak na faɗa!"

Jaka ta ce, "Kin faɗa, 'yar nan. Kin kuma ci."

Aka nemi Gizo sama da ƙasa. An ce an gan shi a tashar Tawa yana nuna wa samari taswirar wani birni a ƙetaren teku. Ƙoƙi ba ta bi shi ba wannan karon. Ta shiga ɗaki ta tono wani ɗan gora da ta binne tun ranar da aka ce ba nawa ba naka, cike da irin hatsi. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma ba ta taɓa jin inda aka zuba iri a rumbun ci ba.

Iri ya samu, gona fa? Fako ne ko'ina. Mujiya ta ce ko an shuka ba zai fito ba, wannan karon kuwa ba wanda ya tanka mata. Bushiya ta ce ta zauna wajen Badagishiri, ta ga abin da manoman Ilela suka koyo da aka kai wasunsu Yatenga ta Burkina Faso a 1989. Tassa ake ce masa. Da rani ake haƙa ramuka a fako, faɗin kowanne ya kai tafin hannu biyu, a tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin hannu a kowane rami. Ta juya ga Gara ta ce saura naku: ku bi takin, ku huda ƙasa ta ƙarƙashi, ruwan farko ya samu hanyar shiga. Inda gangare ya yi yawa a yi rabin wata, a jera dutse a kan hanyar ruwa. Gara, wadda tun da aka kafa birnin ba a taɓa kiranta da suna ba sai in katako ya lalace, ta ce a ba ta takin kawai.

Kurege ya ce wannan ai wahala ce, awa nawa za a yi? Bushiya ta ce har rana ta faɗi, kuma ba za a ƙoshi ba, za a dai rage watannin yunwa.

Kunkuru ya ce shi ma ya ga irin wannan. A 1975 an fara jera dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, ana yi wa masu dasawa dariya. A 1984, tsakiyar El Buhari, aka buɗe shirin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar PAM tana biyan masu aiki da abinci. Maza sun tafi bida, mata ne suka fi yawa a kan duwatsu, suna fasawa suna ɗauka a ka, aka gina madatsai, aka dasa miliyoyin itatuwa. Ya ce wannan ma mafarkin wasu ne, kuma a cikin Balbelun lokacin akwai waɗanda suka tsaya ƙafarsu ta yi ja da ƙasa. Keita ba ta zama aljanna ba, samarinta ba su daina tafiya ba, amma tsaunin da ya sani tsirara yau akuya tana ɓacewa a cikinsa. Wanda ya ce ba zai yiwu ba ya yi kuskure, wanda ya ce daga nan yunwa ta ƙare shi ma ya yi.

Suka yi rani suna haƙa. Aka rushe ƙofar kudu da ta arewa aka jera duwatsunsu a gangare. Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa, har ya yi ɓarna a wurare, ya tsinka layin dutse biyu, ya nutsar da ramukan kwari. Na tudu suka kama. Hatsi ya tsaya a kan fakon da ko tumfafiya ba ta so, kowane rami da 'yan zangarniyarsa.

Nan fa fako ya samu masu shi. Dila ya dawo da takarda mai hatimi, ya ce ya sayi dabagin tun yana banza, a hannun wani Kurege da ya ce na kakansa ne. Raƙumi ya zo da Sa da Tunkiya suka ce nan burtalinsu ne tun kafin a haifi kowa, kuma akwai dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, a auna a ga ko ba a tsallake ta ba. Jakuna maza da suka dawo daga bida suka ce gona ta maigida ce, mace ba ta da fako. Jaka ta nuna kafaɗarta. Ƙoƙi ta nuna goranta. Gara ba ta zo ba, tana ƙasa tana aiki. Aka yi ta cacar baki kwana da kwanaki, kowa yana cewa nawa da babbar murya, Mujiya tana kan gawo tana cewa ga shi nan za su kashe juna, amma ba a biya ta ko ɓera ba.

Kunkuru ya yanke cewa bana duk wanda ya haƙa rami shi zai yanke abin da ya fito a cikinsa, mace ko namiji. A fitar da irin baɗi tukuna a mayar wa Ƙoƙi ninki biyu. A bar burtali a buɗe ta gabas, in an kwashe amfani dabbobin kiwo su shiga su ci kara su bar taki. Rumbun gari za a sake ginawa ƙarami, mabuɗi uku a hannu uku, a riƙa auna abin da ke ciki a gaban jama'a ranar kasuwa, wanda mudunsa bai cika ba ya faɗa da rana.

Dila bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara. An ɗage zaman zuwa bayan kaka, aka sake ɗagewa, kuma har yau ba a ce ga mai dabagin ba. Jaka dai ta ci tuwon raminta wata bakwai, sauran biyar ta ci bashi.

Ƙurunƙus kan kusu.